Jarrabawar jiha, rabon guraben makarantu da abin da korona ta sauya a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Jarrabawa guda ake ɗora wa ayyuka uku a makarantun gwamnati na Amurka: auna makaranta, yanke wanda zai karɓi shaidar kammala sakandare, da raba guraben makarantun da kowa ke rububi. Galibin rigimar da ake yi a kan adalci daga haɗa ayyukan nan take tasowa. Amsoshin da ke ƙasa sun fi jingina da jihar New York, domin a can ne aka fi jan daga, amma an taɓo wasu jihohin inda suka bi wata hanya dabam.

Wa ke da wuƙa da nama a harkar ilimi, tarayya ko jiha?

Jiha. Kundin tsarin mulkin tarayya bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya, kuma a 1973, a shari'ar San Antonio da Rodriguez, Kotun Ƙoli ta ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin ya lamunce. Kowace jiha ita ke tsara abin da za a koyar, ta ba malamai lasisi, ta gindaya sharuɗɗan kammalawa, sannan ta bar gudanarwar yau da kullum ga gundumomin makarantu, waɗanda yawansu ya haura 13,000 a faɗin ƙasar.

Kuɗin tarayya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake kashewa ba. Sauran daga jiha yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye na yankin. Shi ya sa unguwar da gidajenta ke da tsada take da makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje da ƙananan azuzuwa, maƙwabciyarta kuma tana fama da rufin da ke yoyo. Tarayya ba ta ba da umarni kai tsaye. Sharaɗi take maƙalawa a jikin tallafin makarantun talakawa, wanda ake kira Title I, jihar da ke son kuɗin kuma dole ta bi.

Wace jarrabawa ce ta zama tilas?

Dokar No Child Left Behind, wadda George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002, ita ta kawo jarrabawar shekara-shekara. Dokar ESSA ta maye gurbinta a Disambar 2015 zamanin Barack Obama, ta sassauta hukunci amma ta bar jarrabawar yadda take: Turanci da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Kimiyya sau uku ne, ɗaya tsakanin aji 3 da 5, ɗaya tsakanin 6 da 9, ɗaya tsakanin 10 da 12.

Kowace jiha ita ke rubuta tata jarrabawar, ita ke yanke makin da za a ce yaro ya ƙware. Saboda haka kada a ɗauki kason waɗanda suka ci a Teksas a kwatanta da na Massachusetts, mudun ba ɗaya ba ne. Mudun da ya game ƙasa shi ne NAEP, wanda ake yi wa samfurin ɗalibai kawai, ba ya fitar da sakamakon yaro ɗaya, kuma babu wanda ake hukuntawa da shi.

Me ake yi da sakamakon?

A doka, makaranta ake aunawa. Dole jiha ta ware makarantun Title I da suka zo a kashi 5 cikin 100 na ƙasa-ƙasa, da manyan sakandaren da kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ɗalibansu ba sa kammalawa, ta sa su cikin shirin gyara. Dole kuma a fitar da sakamako rukuni-rukuni: 'ya'yan talakawa, masu buƙata ta musamman, masu koyon Turanci, da kowane launin fata ko asali. Wannan rarrabewar ce ta sa ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙen fata da dama suke kare jarrabawar, domin kafin ta zo makaranta tana iya ɓoye gazawar wani rukuni a cikin matsakaicin maki mai kyau.

Inda abin ke lalacewa shi ne idan aka ɗaura albashin malami ko kujerar shugaban makaranta a kan makin. Darussan da ba a jarrabawa a kansu, irin su tarihi da zane da kiɗa, sai a rage musu lokaci. Malami ya tattara ƙarfinsa kan yaran da ke dab da layin ci, ya bar na can ƙasa da na can sama. A Atlanta har maguɗi aka yi, ana goge amsoshin yara ana gyarawa, kuma a 2015 kotu ta sami malamai da jami'ai 11 da laifi.

Iyaye za su iya hana ɗansu zama?

Ya danganta da jiha. Kalifoniya da Oregon sun rubuta wannan dama a doka. New York ba ta rubuta ba, amma ba ta hukunta yaron, kuma a 2015 kusan ɗaya cikin biyar na yaran aji 3 zuwa 8 suka ƙi zama, mafi yawa a Long Island. Sai dai tarayya tana son kashi 95 cikin 100 su zauna, a makaranta baki ɗaya da kuma a kowane rukuni. Idan aka gaza, wajen lissafin da ake kai wa tarayya ana iya ƙirga giɓin tamkar waɗanda ba su ci ba.

Kafin a yanke shawara a bincika ko makarantar da ake so yaron ya shiga nan gaba tana duba makin. A wasu jihohin, irin su Filorida da Mississippi, karatun aji 3 yana iya sa a maimaita aji, don haka a can ƙin zama ba ƙaramin abu ba ne.

Sai an ci jarrabawar jiha kafin a sami shaidar kammala sakandare?

A yawancin jihohi yanzu, a'a. Yawan masu wannan sharaɗi ya yi ta raguwa, har masu zaɓe a Massachusetts suka soke nasu a Nuwambar 2024. A New York tsarin da aka sani shi ne ɗalibi ya tara kiredit 22, wato ƙidayar darussan da ya kammala ya ci, ya kuma ci jarrabawar Regents guda biyar da maki 65: Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi, sai ta biyar da ake da zaɓi a kanta. Ana yin su a Janairu, Yuni da Agusta, ana kuma iya maimaitawa. A ƙarshen 2024 ma'aikatar ilimin jihar ta fitar da shirin raba shaidar kammalawa da cin jarrabawar daga shekarar karatu ta 2027 zuwa 2028. Za a ci gaba da rubuta waɗanda tarayya ke buƙata, amma faɗuwa ba za ta hana takarda ba.

A lura, 65 ɗin ba yana nufin an amsa kashi 65 cikin 100 daidai ba. Maki ne da aka juya ta jadawalin da ake fitarwa bayan kowane zama, kuma a wasu darussan lissafi ƙasa da rabin ɗanyen maki ya isa.

Yaya ake shiga makarantun musamman na birnin New York?

Makarantu tara ne. Ɗaya, LaGuardia, gwajin fasaha take yi. Sauran takwas, ciki har da Stuyvesant, Bronx Science da Brooklyn Tech, jarrabawa guda ce ke buɗe ƙofarsu, wato SHSAT. Ba a duba sakamakon aji, ba a duba halarta, ba a karɓar wasiƙar malami. Dokar jiha ce ta 1971, Hecht-Calandra, ta kulle wannan tsari, shi ya sa magajin gari ba zai iya sauya shi a tsofaffin makarantun ba sai majalisar dokokin jihar da ke Albany ta yarda.

Ɗan aji 8 ne ke zama a farkon shekarar karatu, sakamako ya fito a Maris. A fasalin da aka daɗe ana amfani da shi tambayoyi 114 ne, 57 na Turanci, 57 na lissafi, cikin minti 180, kuma yaron ne ke raba wa kansa lokacin. Goma a kowane sashe na gwaji ne, ba sa cikin maki, amma ba a nuna waɗanne ba ne. Ba a cire maki don amsar kuskure, saboda haka barin tambaya ba amsa asara ce.

Rabon kuwa ga yadda yake. Kowane ɗalibi ya jera makarantun bisa yadda yake son su. Sai a jera ɗaliban daga mai mafi girman maki zuwa ƙasa. Na farko ya sami zaɓinsa na farko. Haka ake saukowa, kowa a ba shi makarantar da ya fi so cikin waɗanda ba su cika ba, har gurabe su ƙare. Babu makin shiga da aka yanke tun farko. Makin yaron ƙarshe da ya sami kujera shi ne ake kira makin shigar shekarar.

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne dabarar da ba ta da amfani. Uba ya ga kamar ɗansa ba zai kai Stuyvesant ba, sai ya ce a sa Brooklyn Tech a sama don kada a yi biyu babu. Yaro ya je ya ci makin da ya isa Stuyvesant, amma Brooklyn Tech za a ba shi, tunda ita ya sa gaba, kuma tayi ɗaya ake yi. Sa makaranta mai wuya a sama ba ya rage damar samun ta ƙasa ko kaɗan. A jera bisa gaskiyar abin da ake so, tare da lissafin nisan hanya.

To ina rashin adalcin, tunda kowa tambaya ɗaya ake masa?

A sakamakon. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka su ne kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban birnin, amma abin da suke samu na guraben nan yana yawo ne a kusan kashi 10 cikin 100. A 2019 Stuyvesant ta yi tayin gurbi 895, bakwai ne suka je ga baƙaƙen fata.

Masu kare jarrabawar suna da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya. Mai gyaran takarda bai san sunan yaro ba, bai san ubansa ba. Fiye da rabin guraben 'yan asalin Asiya ne ke samu, da yawansu 'ya'yan baƙi ne masu ƙaramin ƙarfi da suka tsuke bakin aljihu suka biya kuɗin lesin. Masu suka kuma suna cewa jarrabawar tana tambayar abin da ba kowace ƙaramar sakandare ce ta kai ga koyarwa ba, don haka abin da take aunawa har da inda yaro ya yi aji 6 da 7 da kuma ko an biya masa shiri. Duka biyun gaskiya ne. A ganinmu giɓin tun daga firamare yake buɗewa, jarrabawar nuna shi take yi, amma wannan bai wanke tsarin da ke yanke makomar ɗan shekara 13 da awa uku na rana guda ba.

A 2018 magajin gari Bill de Blasio ya nemi a soke ta a hankali, a ba kashi 7 cikin 100 na saman kowace ƙaramar sakandare. Majalisar jiha ba ta amince ba. Abin da ya iya yi shi ne faɗaɗa shirin Discovery zuwa kashi 20 cikin 100 na kujeru, wanda ke ɗaukar yaran da suka kusa kai makin shiga daga makarantun da talauci ya yi wa katutu, bayan sun yi karatun hutun bazara.

Waɗanne hanyoyi aka gwada a wasu wurare, kuma ina suke tuntuɓe?

Chicago tana ba da kashi 30 cikin 100 na kujeru ga masu maki mafi girma, sauran 70 ta raba daidai tsakanin matakai huɗu na unguwanni bisa arzikin mazauna. Matsalar ita ce unguwa ake aunawa ba gida ba: ɗan direban tasi da ke haya a unguwar masu hali zai yi takara da 'ya'yan likitoci.

Makarantar Thomas Jefferson a gundumar Fairfax ta Virginia ta soke jarrabawarta da kuɗin fom na dala 100 a 2020, ta ware wa kowace ƙaramar sakandare kujeru daidai da kashi 1.5 cikin 100 na 'yan aji 8 ɗinta. Kason 'yan asalin Asiya ya sauko daga kusan 73 zuwa 54 cikin 100, na baƙaƙen fata da 'yan Latin ya hau. Lowell a San Francisco ta koma ƙuri'a a 2021, iyaye suka fusata, aka yi wa 'yan hukumar makarantu uku kiranye a Fabrairun 2022, aka dawo da zaɓe bisa maki.

Dogaro da sakamakon aji shi ma yana da nasa lam'a. Makin A na wannan makaranta ba shi ne na waccan ba, kuma da zarar malamai sun san gurbi ya rataya a kan alƙalaminsu sai maki ya kumbura. Rubutun insha'i da hira kuwa sun fi taimakon gidan da ke da mai gyara wa yaro rubutu.

Doka ta yarda a duba launin fata wajen ɗauka?

A'a. Tun 2007 Kotun Ƙoli ta hana Seattle da Louisville raba yara bisa launin fata, a Yunin 2023 kuma ta rufe ƙofar a jami'o'i a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina. Abin da ya rage shi ne ma'aunin da bai ambaci launin fata ba, kamar unguwa, abin da iyali ke samu ko makarantar da aka fito. An kai ƙarar Thomas Jefferson da makarantun Boston a kan cewa launin fata ne manufar da aka ɓoye, kotunan ɗaukaka ƙara suka ba makarantun gaskiya, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren duka biyun a 2024. Ƙin saurare ba hukunci ba ne, maganar tana iya dawowa.

Me ya faru da jarrabawa lokacin korona?

A ranar 20 ga Maris 2020 sakatariyar ilimi Betsy DeVos ta ce jihohi za su iya neman a yafe musu jarrabawar shekarar, kuma duka suka samu. A Fabrairun 2021 gwamnatin Joe Biden ta ce a yi, amma an yarda a gajarta, a yi daga gida ko a ɗage zuwa kaka, kuma ba za a hukunta makaranta da sakamakon ba. A New York kusan huɗu cikin goma ne suka zauna a shekarar, don yawancin masu karatu daga gida ba su zo ba. Alƙaluman 2021 ba su da amfani wajen kwatanci, duk wanda ya kafa hujja da su a tambaye shi su wa suka zauna.

An soke Regents ta Yuni da Agustan 2020 da ta Janairun 2021. A Yunin 2021 huɗu kawai aka yi. Ta Janairun 2022 ma an soke saboda nau'in Omicron. Wanda ya ci darasin a aji sai aka yafe masa jarrabawar, kuma yafiyar tana nan a takardarsa har ya kammala. Yawan masu kammalawa ya ɗan hau a shekarun, abin da ya ƙara wa masu son raba takarda da jarrabawa ƙarfin gwiwa, masu adawa kuma suka ce an dai sauke sandar tsallake ne.

Ɗaukar ɗalibai fa?

Da aka rasa makin jiha da rajistar halarta, makarantun da ke tantancewa suka rasa abin dubawa. A Disambar 2020 birnin New York ya dakatar da tantancewa a ƙananan sakandare ya koma ƙuri'a, ya kuma cire fifikon da ake ba mazauna gunduma a manyan sakandare. A 2022 aka bar kowace gunduma ta zaɓa, wasu suka dawo da tantancewa, da yawa ba su dawo ba. SHSAT kam ba a taɓa ta ba, an jinkirta ta zuwa farkon 2021 ne kawai, saboda dokar jiha ce. Jami'o'i da yawa ma sun ajiye SAT da ACT, jarrabawar neman shiga jami'a. Jami'ar Kalifoniya ta bar su gaba ɗaya, MIT ta dawo da su a 2022, Dartmouth da Yale da Harvard suka biyo baya a 2024.

Wa ya yanke lokacin buɗe makarantu?

Gwamnoni ne suka rufe a Maris 2020, amma buɗewa ta rarrabu. Filorida, Teksas, Iowa da Arkansas sun tilasta a buɗe azuzuwa tun kakar 2020. Manyan gundumomin Kalifoniya sai bazarar 2021. Birnin New York ya rufe 16 ga Maris, ya buɗe rabi a aji rabi a gida a kaka, ya sake rufewa 19 ga Nuwamba da masu kamuwa suka kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka gwada, sannan firamare suka dawo 7 ga Disamba.

Yaya girman koma bayan?

A NAEP ta 2022 lissafin aji 4 ya faɗi da maki 5, na aji 8 da maki 8, faɗuwar da ba a taɓa gani ba a tarihin jarrabawar. Karatu ya sauka da maki 3 a azuzuwan biyu. A 2024 lissafin aji 4 ya ɗan farfaɗo da maki 2, karatu ya ƙara sauka da 2. Yaran da dama can suke ƙasa su suka fi zamewa, kuma gundumomin talakawa da suka daɗe a karatun intanet sun fi jin jiki. Sai dai jihohin da suka buɗe da wuri su ma sun faɗi, don haka rufewa ba ita kaɗai ba ce.

Fashin makaranta ne ciwon da ya ƙi warkewa. Ana kiran yaro mai yawan fashi idan ya rasa kashi 10 cikin 100 na ranaku, wato kwana 18 cikin 180, kwana biyu kacal a wata. Kafin annoba kusan kashi 15 cikin 100 ne, a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 ya kai wajen 28.

Ina kuɗin tallafin suka tafi, kuma me ya yi aiki?

Kusan dala biliyan 190 ne a kashi uku: 13.2 a Maris 2020, 54.3 a Disambar 2020, sai 122 a Maris 2021. Aƙalla kashi 90 cikin 100 ya wuce ga gundumomi bisa ma'aunin talauci, kuma a kashin ƙarshe dole a ware kashi 20 don cike giɓin karatu. Wa'adin ƙulla kwangila ya cika 30 ga Satumbar 2024. Gundumar da ta ɗauki ma'aikatan dindindin da kuɗin lokaci ɗaya ita ce ta koma sallama da rufe makarantu.

Abin da bincike ya fi goyon baya shi ne ƙarin darasi mai yawan maimaici: sau uku ko fiye a mako, kusan minti 30, yara kada su wuce uku ko huɗu, malami ɗaya da ba ya sauyawa, a cikin lokacin makaranta, da abin da ake koyarwa a aji. Kowane sharaɗi aka zare, amfanin raguwa yake. Manhajar da aka saya aka ce yaro ya shiga da dare idan ya ga dama, masu ƙoƙari ne suka shiga. Teksas ta kafa dokar awa 30 na ƙarin darasi a kan kowane darasin da yaro ya faɗi a 2021, aka rasa masu koyarwa, sai a 2023 ta sassauta.

Yaron da ya zo ƙasar kwanan nan, me ya kamata iyayensa su sani?

Makarantar gwamnati ba ta da ikon ƙin yaro saboda takardun shige da fice, hukuncin Plyler da Doe na 1982 ne ya tabbatar da haka. Wanda bai cika wata 12 a makarantun Amurka ba ana iya yafe masa jarrabawar Turanci sau ɗaya, amma zai yi ta lissafi, da ƙarin lokaci da ƙamus na kalmomi, wani lokaci da mai fassara. A New York sakamakon aji 3 zuwa 8 mataki huɗu ne, na 3 shi ne ƙwarewa, kuma dokar jihar ta hana a mai da makin babban dalilin maimaita aji. An sauya ma'aunin a 2023, don haka kada a ɗora makin shekarar a kan na 2022. Iyaye suna da damar neman makaranta ta kawo tafinta a taron malamai da iyaye kyauta, kuma ya fi kyau a nema a rubuce mako ɗaya ko biyu kafin ranar, musamman idan harshen gida ba ya cikin waɗanda gunduma ta saba fassarawa.